Ragin da Lucille Ball ta karɓa domin ta mallaki aikinta

Wata 'yar kasuwa mai haɗa yaji ta rubuto cewa wani babban kanti ya yi mata tayi biyu: ko a sayi kayanta da tsada a manna musu sunan kantin, ko a saya da ragi amma sunanta yana kan leda. Tana neman shawarar wanda za ta ɗauka.

Hajiya, irin wannan zaɓi ya taɓa zuwa gaban Lucille Ball, 'yar wasan talabijin ta Amurka da aka haifa a 1911. A 1951, lokacin da gidan talabijin na CBS zai fara nuna shirinta na barkwanci mai suna I Love Lucy, yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su daga New York. Ita da mijinta Desi Arnaz, ɗan asalin Kuba, suka dage sai an ɗauki nasu a fim a Los Angeles, wanda ya fi cin kuɗi. Domin rage wa masu ɗaukar nauyi wannan tsadar, suka yarda a zabtare musu dala 1,000 daga albashinsu a kowane mako, da sharaɗin fina-finan su zama mallakin kamfaninsu na Desilu.

Shirin da ke kan fim ana iya sake nuna shi a sake sayar da shi, don haka bayan 'yan shekaru CBS ta biya fiye da dala miliyan 4 kafin ta mallaki haƙƙinsa. A 1957 Desilu ta sayi filayen ɗaukar fim na RKO, inda Lucille ta taɓa aiki a matsayin 'yar wasa mai karɓar albashi. Aurensu ya mutu a 1960, ta saye kason Arnaz a 1962 ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirye-shiryen talabijin, sannan ta sayar da shi ga kamfanin Gulf+Western a 1967 kan dala miliyan 17.

A ganina tayi na biyu ya fi miki, domin mai saye da ya ji daɗin yajinki sunan da ke kan leda zai nema, kuma idan na kantin ne, duk ranar da suka sami mai yi musu da araha za su juya miki baya ba tare da kowa ya lura ba. Sai dai ki tuna cewa ragin da Lucille ta karɓa bai taɓa abincin gidanta ba. Ki lissafa kuɗin barkono, citta, niƙa, leda da mota, har da ladan wahalarki. Idan farashin ya kasa rufe su, kada ki yarda. Idan ya rufe, ki yi wa sunan rajista, ki tabbatar lambar NAFDAC da sunanki ta fito, kuma a rubuta a yarjejeniya, gaban shaidu, cewa kina da 'yancin sayar wa wasu kantuna.