Zakami: Guba Ne Ko Magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wajen wani biki abokai suka zuba wa ɗan ƙanwata zakami a zoɓo, ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Yanzu kuma wata maƙwabciyata tana ba ni shawarar in riƙa shaƙar hayaƙin ganyensa saboda asmar da ke damuna. Shin zakami guba ne ko magani? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara wa yaron lafiya, ke ma Ya yaye miki.

Zakami, wanda ake kira haukata-yaro, masana tsirrai kuma suke ce masa Datura, yana ɗauke da sinadarai masu ƙarfi, manyansu su ne atirofin da sikofolamin. Aikinsu shi ne toshe hanyar asetilkolin, wato sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi domin fitar da yawu da gumi, sakin fitsari, sassauta bugun zuciya da riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cikin sa'a guda da shansa baki ke bushewa, ƙwayar ido ta buɗe, fata ta yi zafi babu ɗigon zufa, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita. Daga nan sai a ga mutum yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, yana hira da mutanen da ba sa wurin, kuma shi a ransa duk gaskiya ne. Wannan hali kan kai kwana ɗaya zuwa biyu, idan ya farfaɗo kuma galibi ba ya tuna komai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin bazara, domin jikin da ya kasa zufa zafinsa na iya haurawa har ya kai ga jijjiga, doguwar suma ko rasa rai, ban da haɗarin faɗawa rijiya ko kan titi.

Maganar maƙwabciyarki tana da tushe. A ƙarni na 19 an sayar da sigarin ganyen Datura a Turai ga masu asma, saboda yana buɗe hanyoyin numfashi, amma an bar shi da aka sami magungunan shaƙa masu ma'auni. Har gobe likitoci suna amfani da atirofin wajen buɗe ƙwayar ido don dubawa, da ɗaga bugun zuciyar da ya yi ƙasa, da ceto wanda gubar wasu magungunan feshin ƙwari ta kama, sikofolamin kuma yana hana aman tafiya. Sai dai a asibiti ana auna atirofin daidai wa daida da ma'aunin miligiram, alhali ƙarfin zakami yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa 'ya'ya, daga damina zuwa rani. Babu mai iya auna shi da hannu, saboda haka ina roƙonki kada ki kusance shi. Ki ga likita ya rubuta miki abin shaƙa.

Idan hakan ta sake faruwa da wani, kada a ɗaure shi, kada a ɗura masa madara ko manja, domin yana iya shaƙewa. A sanyaya jikinsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya sha. Makarin da ake amfani da shi idan abin ya tsananta, fisostigimin, asalinsa daga waken Kalaba aka samo shi, kuma likita ne kaɗai ke iya ba da shi.