Iska ta yaye rufi, an canja DPO: ina ƙarata ta kwana?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni magidanci ne a Kaduna. A farkon daminar nan iska ta yaye rufin ɗakuna biyu na gidana cikin dare. Kafin gari ya waye samari sun kwashe kwanon, daga baya na gan shi wurin wani mai sayen gwangwan. Na kai ƙara ofishin 'yan sanda, sai aka canja wa DPO wurin aiki, magana ta yi sanyi. Ƙaramar hukuma kuma ta aiko an rubuta sunayenmu za a ba da tallafi, har yau shiru. Ciyaman zai iya tilasta wa sabon DPO ya duba ƙarata? Zan iya kai ƙaramar hukuma kotu kan tallafin?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba.

Ciyaman ba shi da iko a kan DPO. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda guda ɗaya ya kafa, ta tarayya, kuma DPO a ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha yake. Ciyaman zai iya roƙo a taron tsaro, ba zai iya umarni ba. Amma ba ka bukatarsa. Ofis ka kai wa ƙara, ba mutum ba. DPO ya tafi, fayil yana nan, jami'in da aka damƙa wa bincike ma galibi yana nan. Ka rubuta takarda zuwa ga sabon DPO, da ranar da ka kai ƙara da sunan jami'in, a buga maka hatimi a kan kwafinka. In aka yi mako biyu ba motsi, ka tura irinta ga kwamishina. Akwai kuma hanyar shigar da ƙara kai tsaye gaban majistare.

Kada wani ya ce maka "ai iska ce ta kawo, tsintuwa ce". Wannan magana tana ɓata mini rai, don a kan mutumin da ya kwana a jiƙe ake yin ta. Kwanon da iska ta jefa bayan gida bai fita daga mallakarka ba. Wanda ya ɗauka ya sayar, alhali ya san akwai mai shi, ya yi laifi a dokar Penal Code ta jihar Kaduna ta 2017, haka ma wanda ya saya yana sane da inda kayan suka fito. A shari'ar Musulunci ma tsintuwa cigiyarta ake yi, ba kasuwa ake kai ta ba. Ka nemi rasit in yana nan, ko shaidar kafintan da ya buga rufin, ka ɗauki hoton kwanon a inda yake. Sai dai don Allah kada ka tara matasan unguwa ku je ƙwatowa. A nan mai ƙara ke komawa wanda ake ƙara. Kada kuma ka yarda a kama uban yaro a madadin ɗansa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana hakan.

Batun tallafi kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ƙarar ba ta da ƙarfi. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin babin da sashe na 14 yake. Rubuta suna bai zama bashi a wuyan hukuma ba.

Inda kake da ƙafar tsayawa shi ne idan kayan sun iso aka karkatar da su. Buhun siminti ko bandir ɗin kwano da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko ta tarayya, NEMA, ta aiko da sunanku amana ce, cinye ta laifi ne da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bincika. Ku haɗu ku da aka rubuta, ku bi ta hannun mai unguwa da kansila, ku nemi jerin sunaye da adadin abin da aka raba a rubuce, a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. In ba kuɗin lauya, ku kai kokenku Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, kyauta take karɓa.

Takardar DPO ka fara kaiwa, gobe in Allah ya kai mu, tun kwanon bai shiga mota ya bar gari ba.