Ina Katsina, suwic yana Daura: yaya zan gano abin da ke yanke layi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da cibiyar kwamfuta a Daura, ni kuma ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Da layi ya yanke, yaron shago sai ya kashe suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a jikinsa, ya kunna. In na je ban tarar da wata alama. Akwai hanyar lura da shi daga gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Akwai, muddin suwic ɗin mai shafin saiti ne. Duba kwalinsa, za ka ga Managed ko Smart. Idan irin wanda ake jona waya kawai ne, ba ya ajiye rajista, sai dai a sake wani.

Kashewa da kunnawar nan ita ke share maka shaida. Galibin suwic a ma'ajiyar wucin gadi suke rubuta abin da ya faru, wuta na ɗaukewa komai ya tafi. Maganin shi ne Syslog: ka ba suwic adireshin wata kwamfuta, ko da tsohuwa ce, ya riƙa tura mata kowane labari nan take ta ƙofar UDP 514. Matakan muhimmancin labaran daga 0 zuwa 7 ne. Tsaya a 6, na 7 surutu ne zalla.

Sai agogo, wanda mutane ke rainawa. Suwic da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, suna tashi su koma wata tsohuwar shekara. Kunna NTP, wato tsarin daidaita agogo ta intanet, ka sa lokacin Najeriya, awa ɗaya gaba da GMT. A nan ne za ka gane cewa rami na 12, cikin ramukan da ake jona waya a jikin suwic, yana faɗuwa daidai lokacin da ake juyawa zuwa janareta, ka daina zargin masu intanet.

Don ganin nauyin kowane rami, kunna SNMP, wato hanyar da ake tambayar suwic halin da yake ciki, ka haɗa shi da manhajar sa ido irin Zabbix ko LibreNMS. Kyauta ne, kuma suna turo saƙo ta Telegram. A SNMP ɗin zaɓi siga ta 3, don ta 1 da ta 2 a fili suke aika kalmar sirri.

Kada ka buɗe shafin suwic ga intanet kai tsaye, shiga ta WireGuard, manhajar da ke buɗe maka keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro zuwa cibiyar. Kuma in intanet ɗin Daura ne ya mutu, saƙo ba shi da hanyar fita. Ajiye ƙaramar kwamfuta a gidanka tana ƙwanƙwasa cibiyar duk minti ɗaya, ta sanar da kai in ba a amsa ba.