Amsa ga ƙanena mai mashin da ƙishirwa ta dama a azumi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce haya kake yi da mashin a Garwa ta ƙasar Kamaru, ba ka sha azumi ko ɗaya ba, amma ban da ƙishirwa da saurin fushi ba ka jin komai, har kana tambaya ko azumin naka na da amfani, tunda natsuwar da malamai ke faɗa ba ta zo maka ba. Ni ma wannan sana'ar na yi kafin in koma sayar da hatsi, na san halin da kake ciki.

Ƙishirwar nan kada ta tayar maka da hankali. Daga 2023 zuwa 2025 azumi a Maris da Afrilu ya yi ta faɗowa, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kai kuma wuni kake kan kwalta. Watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, in da rai za ka yi shi cikin sanyin hunturu. Kuma Allah bai yi mana alkawarin jin daɗi ba. A aya ta 183 cikin Baƙara cewa ya yi an wajabta mana azumi ko ma samu taƙawa.

To, taƙawar kana da rabonka a cikinta, ba ka lura ba ne. Ranar Lahadi ka kai fasinja kasuwar Pitowa, a hanyar dawowa ka tsaya gindin darbejiya, ka ɗauko buta za ka yi alwalar azahar. Ruwa na cikin bakinka, maƙogwaro ya bushe ƙamas, babu kowa a wurin. Ka kurkure, ka tofar. Wa ka ji wa tsoro? Sallah a sahu ake ganinka, zakka mai karɓa ya sani, hajji kuwa har rakiya ake yi maka. Amma wannan ruwan da ka tofar, daga kai sai Ubangijinka. Shi ya sa a hadisi ƙudsi Allah ya ce azumi nasa ne, shi zai yi sakayya a kansa. A ganina wannan ya fi hawayen da wani zai zubar a gaban mutane nauyi.

Fushin ne abin da nake so ka sa wa ido. Bayan la'asar, jiki ya mutu, kowa na sauri ya isa gida da ƙanƙara da ƙosai, sai fasinja ya tsaya gardama a kan sefa 100. A nan na sha ganin abokan sana'a sun wuni da ƙishirwa, sannan su zubar da ladan da ashar guda. Annabi (SAW) ya ce wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya da buƙatar ya bar ci da sha. Ya kuma koya mana idan an zage mu mu ce "ni mai azumi ne". Ka riƙa faɗinta a fili. Wallahi na ga ta kashe rigima a tasha, mai zagin ma kunya ta kama shi.

Abin da ya taimake ni shi ne in fita da sassafe, in ajiye mashin tsakanin azahar da la'asar, in kishingiɗa a masallaci da izu ɗaya ko rabi. Kuɗin shiga zai ragu, gaskiya ne, sai ka cike da dare bayan asham. Sahur kuma ka jinkirta shi, ka sha ruwa sosai da kunun gyaɗa.

Idan kuwa jiri ya fara ɗibarka a kan hanya har kana tsoron halaka, kada ka yi taurin kai da ran fasinja a bayanka. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a sha a rama, ka je wa limamin unguwarku ya yi maka bayani dalla-dalla. Allah ya karɓa mana baki ɗaya.