Ƙanena ya sari ɓarawo a gida, me ya sa 'yan sanda suka tsare shi?

Malam, ka ce ɓarawo ya haura gidanku a Tudun Wada da dare, ƙanenka ya sare shi da adda, yanzu ɓarawon yana asibitin Shika, shi kuma yana caji ofis. Allah ya kyauta.

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da ƙarfi daidai da barazanar. Abin da mai bincike zai fara dubawa ke nan: ɓarawon yana riƙe da makami? Saran a gaba yake ko a baya? In ya juya zai gudu aka bi shi aka sare, zancen kariyar kai ya raunana. Ka tuna shari'ar manomin nan na Adamawa, Sunday Jackson. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, don ya riga ya ƙwace wuƙar makiyayin da ya kai masa hari kafin ya soke shi. Mutane da yawa sun ga rashin adalci a ciki, ni ma ban gamsu ba, amma haka alƙalai ke auna lamarin.

Kada ku ɓoye addar, kada ku tsara wa maƙwabta abin da za su faɗa. Kada ƙanenka ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har lauya ya zo. Beli kyauta ne, ko da wani ya ce a kawo na goro.

Ku nemi lauya yau, domin in ɓarawon ya cika, magana ta koma Babbar Kotu. In babu hali, ku tuntuɓi Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, a Kaduna.