Wane sukuru za ka sa wa injin naka?

Jiya muna wanke hannu bayan La'asar ka ce mini: "Maigida, injin firez ɗin nan na sassaƙa ƙarfe da nake haɗawa, wane sukuru zan sa wa teburinsa don awo ya riƙa fita daidai? An ce mini in ba mai ƙwallaye ba ne, ɓata ƙarfe kawai nake." Ban ba ka amsa ba, don mai motar nan yana tsaye a kaina. To jawo benci ka zauna, yarona.

Da hannu za ka riƙa juya shi ko da motar lantarki? Na san amsar, na ga ƙafafun juyawa guda biyu da ka sassaƙa a kan tur, injinmu mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi, ka ɓoye bayan ganga. Tunda da hannu ne, wanda ya ba ka waccan shawara rabin magana ya gaya maka.

Mu fara kawar da dogon bol ɗin nan mai zare da ake sayarwa mita-mita a Babbar Kasuwa. M16, kowane zagaye milimita 2, haƙoransa masu tsini, digiri 60. An yi shi ne don ya ɗaure abu ya zauna, ba don ya yi ta kai da kawowa ba. Wata biyu ya cinye notinsa. Haka sukurun jak ɗin mota, bar shi ya ɗaga mota.

Saura biyu. Akwai mai faffaɗan haƙori, irin na jikin tur ɗinmu. A takardar mai sayarwa za ka ga an rubuta Tr, kamar Tr20x4: kauri milimita 20, kowane zagaye yana tura tebur milimita 4, kusurwar haƙori digiri 30. Notinsa na tagulla ne, ƙarfe yana gogar tagulla. Sai mai ƙwallaye, wanda ƙananan ƴaƴan boris ke gangarawa tsakanin sukuru da noti, su kai ƙarshe su zago ta wata hanya su dawo. SFU1605 shi ne aka fi samu: kauri 16, zagaye ɗaya milimita 5.

Akwai abu biyu da yara ke cuɗawa, har da wasu manya. Na farko kuskuren tafiya: ka juya sukuru mai 5 sau sittin, ya kamata tebur ya yi milimita 300 cif, sai ya ɗara ko ya gaza da kaɗan. Wannan shi ne lambar da ake rubutawa, C7, C5, C3. Mu auna da santiyem kamar yadda muka saba, ɗaya cikin ɗari na milimita. C7 an yarda ya kauce santiyem 5 a cikin milimita 300. C5 bai kai santiyem 2 ba, 0.018 na milimita ne. C3 kuwa 0.008. Gashin kanka ɗaya ya kai wajen santiyem 7, ka ga inda muke magana. C7 murza shi ake yi tsakanin faya-fayai har zaren ya fito, shi ya sa yake da araha. C3 da galibin C5 wasa su ake da dutse, kuɗinsu kuwa ninki ne a kan ninki.

Na biyu shi ne wasa. Ka tura tebur gaba, ka juya baya, hannu ya yi ɗan tafiya a banza kafin tebur ya motsa. Lambar C ba ta ce komai a kan wannan ba. Kana iya sayen C5 ka ɗaura shi da wasa, kana iya sayen C7 ka kashe wasan ƙurmus. Kuma a aikin da ke shigowa wannan rumfa, wasan shi ke ɓata mana ƙarfe. Me ake kawo mana? Ramin kilabet, ɗan ƙarfen da ke kulle fuli, a jikin sandar injin niƙa, mazaunin boris na famfon ƴan lambun Jiratawa, faifan da za a huda ramuka huɗu. Duk ba su wuce tafin hannu ba. A tsawon milimita 60, kuskuren C7 ɗan ƙanƙane ne, ba za ka ji shi a aiki ba. Amma wasan santiyem 15 za ka gan shi da ido, ramin ya fito da baki a karkace.

To me ya sa nake hana ka mai ƙwallaye alhali shi ya fi rashin wasa? Saboda santsinsa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ka sa yana isa tebur, mai faffaɗan haƙori kuwa da ƙyar ya ba ka 40, sauran gogayya ta cinye. Za ka ce ai riba ce. Ga mota riba ce. Amma abin da ke tafiya da sauƙi gaba, da sauƙi ake turo shi baya. Ka saki hannu, wuƙa ta ciji ƙarfe, sai ta tura tebur, sukuru ya juya da kansa, ƙafar juyawa ta bugi gwiwarka. Mai faffaɗan haƙori ba ya haka, inda ka bar shi nan yake tsayawa. Gogayyar da ake zagi ita ce birkinka.

Ni na sha wannan. Shekarun baya na sa mai ƙwallaye a tsaye, shi ke ɗaga kan wani ɗan inji mai mota. Ina cikin aiki aka ɗauke wuta, motar ta saki, kan ya sulalo da nauyinsa ya dasa wuƙa a cikin aikin mutane. Wuƙa ta karye, aiki ya lalace, na biya. Tun ranar duk sukurun tsaye mai ƙwallaye sai na rataya masa nauyi a baya da sarƙar babur, ko mota mai birki.

Ga kuma ƙurarmu. Kai ɗan Maradi ne, ka san yadda hunturu ke yi mana daga Disamba zuwa Fabrairu, ka share benci da safe, kafin Azahar ka rubuta sunanka a kai. Yashi in ya shiga notin ƙwallaye, ya haɗu da giris, ya zama dutsen wasa. Ɗan zoben roba da ke bakin notin ba ya tare ƙura mai laushi. Notin tagulla ya fi haƙuri, in ya ci ma, kai da kanka za ka sassaƙa wani a kan tur ranar da ba aiki. Na ƙwallaye sai ka aika Kano ko ka jira kaya daga Sin.

Don haka ga abin da zan sa in ni ne kai: Tr20x4 a tebur, hagu da dama, gaba da baya. Ka raba da'irar awo ta jikin ƙafar juyawa gida 200, kowane gida santiyem 2 ke nan. Noti kuma ka yi shi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya mai matsawa, yadda ɗaya zai jingina da wannan gefen haƙori, ɗayan da wancan. Kana matsawa kana juyawa har wasan ya sauko santiyem 4 ko 5. Kar ka nemi sifiri, zai ƙage. Kuma ka sani sukuru a tsakiya yake cinyewa, don nan ake yawan aiki. Bayan shekaru in ka matse noti daidai da tsakiya, zai yi tauri a bakin biyu. Ranar da ka ji haka, sukurun ne ya tsufa, ba notin ba.

Sauran wasan hannunka zai kashe shi. Kullum ka iso awo daga gefe guda. In ka zarce, kar ka ɗan komo, koma baya rabin zagaye ka sake tahowa. Ɓangaren teburin da ba ya tafiya ka ɗaure shi. Kuma ka tura aiki yana fuskantar haƙoran wuƙa, kar ka bi bayansu, in ba haka ba wuƙa za ta fizgi tebur iyakar wasan da ya rage, ka ji ƙas.

In ka ci karo da sukurun tsohon inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, auna shi kafin ka biya. Da yawa na inci ne. Na Bridgeport haƙora 5 ne a inci, zagaye ɗaya milimita 5.08. Mai haƙora 8 kuwa 3.175. Ƙarfen mai kyau ne, amma je ka raba wannan a da'ira ka gani, sai lissafi ya hana ka barci.

Yanzu inda kuɗinka ya kamata su tafi: mazaunin sukuru. Ko wane iri ka saya, in shi kansa sukurun yana zamewa gaba da baya a cikin boris, ka yi aikin banza. Baki ɗaya a kafe shi da boris biyu masu ɗaukar turi, a matse su da noti. Ɗaya bakin a bar shi ya iya zamewa. Dalili zafi ne. Ƙarfe yana ƙaruwa wajen 0.012 na milimita a kowace mita, a kowane digiri. Sukuru mai rabin mita in ya fi jikin injin zafi da digiri 10, ya ƙaru santiyem 6, ya kusa kai kuskuren C7 ɗin da ake ta surutu a kai a wannan tsawo. Ranar Afrilu ta faɗo kan gefe ɗaya na injin ta ƙofar rumfa, ka samu digiri goman nan ba wuya. In ka kafe baki biyu, ba shi da wurin miƙewa, sai ya lanƙwashe ko ya kashe boris. Su masu yin C3 a ɗaki mai digiri 20 suke auna shi. Mu a ina za mu samo digiri 20, in ba da asubar hunturu ba?

In Allah ya buɗa maka nan gaba ka sa mota da kwamfuta, to a nan mai ƙwallaye ya zama dole, don kwamfuta ba ta san dabarar isowa daga gefe guda ba in tana zana da'ira. Sai ka ɗauki 1605 na C7 mai noti biyu. Motar da ke taku 200 a zagaye za ta ba ka santiyem 2 da rabi a kowane taku, ya isa. Mazauninsa BK12 a bakin da aka kafe, BF12 a ɗayan. Amma buɗe BK12 ɗin ka duba. Na taɓa sayen wani, maimakon boris 7001 masu ɗaukar turi sai na tarar da 6001 na gama-gari a ciki, ina ta zargin noti mako guda. Araha ba ta ado. Ka ce mai sayarwa ya sassaƙa maka bakunan tun can, don fatar sukurun a ƙone take, tana cin wuƙar tur. Kar kuma ka zare notin ba tare da bututun da ke riƙe ƙwallayen ba, sai dai ka wuni kana tankaɗe yashi. Ka lulluɓe shi da robar cikin tayar babur tun ranar farko.

Amma kafin wannan, in kuɗi suka ɗan taru, ma'aunin gilashi mai nuna lamba zan fara saya. Yana manne da tebur, tafiyar tebur yake karantawa, ba juyin sukuru ba, har rabin santiyem. Da shi kuskuren tafiyar sukuru ya daina damunka.

Gobe in ka share rumfa, ɗauko agogon awo mai allura a akwatina, mu gwada a kan tur ka gani da idonka. Za mu kafa shi a jikin tebur, mu tura gaba, mu sa sifiri, mu juya baya muna ƙirga gidaje kafin allura ta motsa. Sannan mu mayar da shi kan bakin sukurun, mu ga nawa ne na noti, nawa ne na boris. Ka zo da sandar tagullar nan da ke ƙarƙashin benci, a ciki za mu fitar da notinka.