Kafin ki ɗebi jinin mutane, 'yata

'Yata, na karanta saƙonki. Kin ce a digirinki na uku kuna koya wa kwamfuta ta gane jinin mai sikila daga hoton da aka ɗauka a ɗakin gwaji, kuma aikin yana buƙatar jinin mutane da tarihin ciwon danginsu. Tambayarki ita ce wa ake fara samu a al'adarmu, kuma ko rashin kunya ne a tambayi gida wane ciwo ya kashe 'ya'yansu.

Ba rashin kunya ba ne, amma akwai ƙofar da ake bi. Mai unguwa tukuna, ki gaishe shi, ki faɗi abin da ya kawo ki. Daga nan sai maigida. Amma labarin da kike nema yana wurin mata, a cikin gida, musamman kakanni. Su suka raini yaron da gaɓoɓinsa ke kumbura, su suka kwana a kansa da sanyin hunturu. Kada ki shiga da takarda a hannu ranar farko. Ki zauna, ki sha ruwa, in an yi rashi ki yi gaisuwa.

Kuma kada ki ji haushi in sun yi ɗari-ɗari. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a 1996 ba, kuma wannan tsoron yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Ki gaya musu da Hausa inda jinin zai je, da wanda zai gani.

Abin da ya fi damuna shi ne auren zumunci. Kin fi ni sani: AS da AS, wato masu ɗauke da gadon sikila a jininsu amma ba su da ciwon, in suka haɗu, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da sikila. Gidajenmu kuwa cike suke da 'ya'yan wa da ƙani da aka haɗa. In sakamakon yarinya ya fita unguwa, aurenta kika taɓa, ko da yake Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024. Saboda haka suna kada ya shiga kwamfutarki, lamba ta isa. Sakamako kuma mai shi ake gaya wa, a keɓe, ba a tsakar gida ba.

In za ki fara da danginmu, ki zo ta wurina. Ni zan kai ki wurin yayata da kaina.

Gwaggonki.